Akwatin raba ƙarfi da matsalar shigar giya: yadda ake gano abin da ke kwantar da motoci masu jan taya huɗu

A ƙarshen shekarar 2023, lokacin da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan sayen manyan motocin jif ga 'yan Majalisar Tarayya 469, hujjar da shugaban kwamitin ayyuka na Majalisar Dattawa, Sanata Sunday Karimi, ya gabatar ita ce hanyoyin ƙasar nan sun lalace, ƙananan motoci ba za su jure ba. An yi ta muhawara a kan farashi, amma ba a cika tambayar me ke sa irin waɗannan motoci su ratsa taɓo da yashi ba, balle me ke kwantar da su. Duk wanda ya taɓa leƙa bayan sakatariyar ƙaramar hukuma, ko farfajiyar barikin jami'an tsaro, ko harabar babban asibiti, ya san motocin da ake nufi: Hilux da Land Cruiser da motar ɗaukar marasa lafiya, an ɗora su a kan duwatsu, ciyawa ta tsiro ƙarƙashinsu. Idan ka tambaya, amsar kusan guda ce: giyabos ya mutu.

Sau da yawa giyabos bai mutu ba. Akwai wani akwati da ke maƙale a jikinsa, wanda aikinsa shi ne raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin gaba da na baya, kuma idan shi, ko abubuwan da ke kewaye da shi, suka samu matsala, alamun sukan yi kama da na giyabos ƙwarai. Bambancin kuɗin gyaran biyun kuwa yana iya zama bambancin canjin mai da sauke rabin mota. Wannan bayani ne na yadda akwatin ke aiki, da yadda ake bin sawun matsalarsa tun daga mafi araha, ga mai RAV4 'yar Kwatano da ya tara kuɗinta da gumi, da kuma ɗan ƙasa mai son fahimtar takardar gyaran da aka biya da kuɗin jama'a.

Mene ne wannan akwati?

Ƙarfin inji yana bi ta giyabos, wanda ke sauya shi gwargwadon gudun mota. A motar da taya biyu kawai ke ja, daga nan sai ya wuce ga tayoyin. A mai jan taya huɗu, sai ya fara shiga akwatin raba ƙarfi, wanda kanikawa ke kira taransifa, direbobi kuma sukan kira giyarsa ogzilari. Daga cikinsa sandunan furofela ke fita, ɗaya zuwa gaba, ɗaya zuwa baya. A cikin wasu akwatunan haƙoran giya ne ke miƙa ƙarfi, kamar a Land Cruiser 70 da sojoji da ƙungiyoyin agaji ke so. A wasu kuma wata faffaɗar sarƙa ce ta ƙarfe.

Akwai gaskiya ɗaya da duk sauran bayanin ya rataya a kanta. Idan mota na shan kwana, tayoyinta huɗu ba sa cin tazara ɗaya: na gefen waje sun fi na ciki tafiya, na gaba kuma sun fi na baya. Abin da ke ba taya biyu na asul ɗaya damar juyawa da gudu daban-daban shi ake kira difa. Tambayar ita ce ko akwai wani abu makamancin haka tsakanin gaba da baya. Amsarta ce ta raba motocin nan gida uku, kuma rashin sanin gidan da motarka take shi ne mafarin yawancin ɓarna.

Gida uku

Na farko su ne masu shiga taya huɗu da umarnin direba, irin su Hilux da Land Cruiser 70. Suna da matakai uku: 2H na tafiyar yau da kullum da tayoyin baya, 4H na burji da yashi da laka, sai 4L mai rage gudu ya ninka ƙarfin ja kusan sau biyu da rabi, don hawan tudu ko fita daga cabi. Ba su da difa a tsakiya. Da zarar an sa 4H, gaba da baya sun ƙulle, dole su juya tare. A kan ƙasa mai santsi ba komai, taya kan ɗan zame ta sauke bambancin. A kan busasshiyar kwalta babu wurin zamewa, sai ƙarfin ya taru a cikin ƙarafa kamar igiyar da ake murɗawa. Sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tsalle-tsalle a kwana, sandar giyar ta ƙi fita. Direban da ya fito daga hanyar ƙauye ya hau titi bai cire 4H ba, ya kuma yi tafiyar awa biyu a haka, ya rage wa sarƙar akwatinsa kwana.

Na biyu su ne masu jan taya huɗu a kowane lokaci, kamar Prado da manyan Land Cruiser. Suna da difa a tsakiya, saboda haka kwalta ba ta dame su ba. Amma suna da maɓallin kulle wannan difa don mugun wuri, kuma idan aka manta shi a kulle, motar ta koma daidai da ta gidan farko.

Na uku su ne ƙananan jif da suka cika garuruwanmu: RAV4, CR-V, Highlander, Lexus RX, Ford Edge da makamantansu. Ba su da 4L. Injinsu a gicciye yake, kuma akwatinsu ɗan ƙarami ne da aka ɗaure a gefen giyabos, kusa da bututun salansa mai zafi, man da yake ɗauka sau da yawa bai kai lita ɗaya ba. A RX300 da Highlander ta farko, akwai wani gwangwani mai ɗauke da faifan ƙarfe a cikin ruwan siliki mai kauri, wanda ke ƙara danƙo idan gudun gaba da na baya ya bambanta. A RAV4 daga samfurin 2006, kuloci ne mai aiki da lantarki a gaban difar baya, kwamfutar mota ke matsa shi idan ta ga tayoyin gaba na zamewa. CR-V ta da kuwa famfo biyu take da su a cikin difar baya, matsin mai ke haɗa kulocin.

A fara da taya

Wannan shi ne abin da aka fi rainawa, kuma a ganina shi ya fi kashe ƙananan jif a ƙasar nan. Mun saba sayen taya ɗai-ɗai, wadda ta fashe ita ake canzawa, sau tari da ta gwanjo, ta wani kamfani daban, wani lokaci ma lambar girmanta daban. A ƙaramar mota mai jan taya biyu wannan ba ya taɓa giya sosai. A mai jan huɗu kuwa, taya mai ƙaramin da'ira tana juyawa fiye da sauran, kuma tsarin motar yana fassara hakan da cewa taya na zamewa.

Lissafin ba shi da wuya. Taya mai lamba 265/65R17, irin ta Prado da wasu Hilux, da'irarta kusan mita 2.44 ce, tana juyawa kimanin sau 410 a kilomita ɗaya. Idan kaurin zanenta ya cinye da milimita 6, juyin ya koma kusan 416. Wato idan na gaba sababbi ne na baya tsofaffi, akwai bambancin juyi shida da ɗoriya a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 230, bambancin ya kusa juyi 1,500, kuma wani abu a tsakiyar motar ne zai shanye shi. Difa mai haƙora takan jure. Kuloci ko gwangwanin siliki kuwa zafi yake tarawa, tafiya bayan tafiya, har ruwan ya dahu ya daskare ko faifan su ƙone. Kamfanin Subaru, wanda yawancin motocinsa masu jan huɗu ne, ya shata iyakar bambancin da'ira tsakanin tayoyi a kwata ɗaya na inci, wato milimita 6 da 'yan kai.

Gwajinsa ba ya buƙatar gareji. A duba lambar da ke gefen kowace taya, a daidaita iska bisa takardar da ke jikin ƙofar direba, sannan a yi wa kowace taya alama da alli a inda ta taɓa ƙasa, a tura motar a miƙe har taya ɗaya ta yi juyi goma. Idan sauran alamomin sun yi nisa da ƙasa, an samu zaren farko. Rashin iska a taya ɗaya ma yana haifar da haka, haka nan tafiya mai nisa da ƙaramar safaya.

Mai, da ruwan da ke shiga cikinsa

Mai mota yakan tuna baƙin mai, wani lokaci ya tuna man giya. Man akwatin raba ƙarfi da na difa ba su da sandar awo a ƙarƙashin bonet, don haka ba a ganinsu, ba a tuna su. Mota takan iso daga Amurka da mil dubu ɗari da hamsin a kanta, ta yi shekara biyar a nan, ba wanda ya taɓa kwance noti ɗaya a jikin akwatin.

Yana da noti biyu, na zubawa a sama da na tsiyayewa a ƙasa. A fara kwance na sama, domin idan aka tsiyaye mai sannan aka tarar na sama ya cije, an shiga uku. Motar na tsaye a kan daidaitacciyar ƙasa, man ya kamata ya kai bakin ramin. Launinsa yana ba da labari. Baƙi mai ƙaurin ƙuna shaidar zafi ne. Mai ƙyalƙyali da ɓarɓashin ƙarfe yana nufin boris ko haƙora sun fara cin juna. Ɗan laushin gari a kan maganaɗisun notin ƙasa ba abin tsoro ba ne, gutsattsari ne abin tsoro. Idan kuma ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Kowane akwati yana da ƙaramar ƙofar numfashi a samansa. Idan mota mai zafi ta faɗa rafi ko ambaliyar titi, akwatin ya huce nan take, iskar cikinsa ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta wannan ƙofa ko ta bakin sil. Duk motar da ta ratsa ruwa mai zurfi da damina tana buƙatar a duba manta a makon, ba a jira rani ba.

Nau'in mai kuma ba abin kintace ba ne. Tsofaffin Toyota da yawa suna shan man giya mai kauri 75W-90, sababbi an rubuta musu wani mai tsinkakke na musamman mai lamba 75W. Wasu akwatunan motocin Amurka da na Nissan jan man giyar atomatik suke sha. Difar bayan CR-V tana da nata man na Honda, kuma idan ya tsufa ko aka zuba wani, motar takan yi gurnani da karkarwa duk lokacin da aka murɗe sitiyari a hankali, a wurin fakin misali. Mutane sun sha sauya shaf da boris saboda wannan ƙara, alhali canjin mai ne maganinta.

Akwai wata matsala mai ruɗarwa. Tsakanin giyabos da akwatin akwai sil mai hana mansu haɗuwa. Idan ya mutu, man giyar atomatik yakan tsiyaya cikin akwatin. Ba za a ga ɗigo a ƙasa ba, amma man giya na raguwa, giya na suɓucewa, tana jinkirin kamawa. Shaidarsa ita ce idan aka kwance notin sama na akwatin, mai ya yi ambaliya.

Idan fitila na ƙiftawa, ko giya ta ƙi shiga ko fita

A tsofaffin motoci, sanda ce ke shigar da 4H da 4L da ƙarfin hannu. A sababbi, maɓalli ne ke aika saƙo ga wani ɗan injin lantarki da ke jikin akwatin, shi ke tura giyar. Hilux da yawa suna da na biyu a difar gaba, mai haɗa shaf ɗin gaba idan an buƙata; a wasu tsofaffi iskar da inji ke zuƙa ta siraran tiyo ce ke wannan aiki. Fitilar taya huɗu a dashbod tana ƙiftawa yayin da ake jiran aikin ya kammala, ta tsaya cak idan ya kammala. Idan ta ci gaba da ƙiftawa, ɗaya cikin biyu ne: ko giyar ba ta shiga ba, ko ta shiga amma makunnin da zai shaida wa kwamfuta bai yi aikinsa ba.

Kafin a zargi ƙarfe, a tabbatar direba na bin ƙa'ida. Daga 2H zuwa 4H ana iya shiga mota na tafiya a miƙe, ƙasa da gudun da littafin motar ya ƙayyade, kuma ɗan sakin totur yana taimakawa. 4L kuwa sai an tsaya: a atomatik a taka birki a sa giya a firi, a manuwal a taka kuloci. Wanda ya murɗa maɓallin 4L giya na kan D zai ga ƙiftawa da ƙarar gargaɗi, ba don wani abu ya lalace ba. Idan kuma 4H ce ta ƙi fita bayan tafiya a kwalta, ƙarafan ne suka murɗe. A yi ribas a miƙe na 'yan mitoci, ko a sauka kan yashi, sai ta saki. Duka da guduma ko danna sanda da ƙafa yana lanƙwasa cokalin da ke tura giyar. A Land Cruiser 70 da tsofaffin Hilux, akwai maɓallin murɗawa a cibiyar tayoyin gaba. Idan ba a kulle su duka biyu ba, akwatin zai shiga 4H lafiya lau amma tayoyin gaba ba za su ja ba.

Bayan wannan, sai fis, da ƙarfin batir, da soket ɗin wayoyin da ke ƙarƙashin mota, waɗanda laka da ruwa ke cinyewa. Sai shi ɗan injin: ruwa kan shiga ta tiyon numfashinsa idan ya tsage, tagullar da ke cikinsa ta yi tsatsa, giris ya bushe. Sau da yawa wankewa da sabon giris ya wadatar. Abin lura a nan shi ne rashin amfani ma yana kashe shi. Littafin Toyota na irin waɗannan motoci yana ba da shawarar a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 a taya huɗu kowane wata, don mai ya zagaya sassan gaba. Motar ofis da ke zirga-zirga tsakanin gida da sakatariya shekara biyu ba a taɓa murɗa maɓallinta ba, ranar da za a kai kayan zaɓe ko allurar rigakafi ƙauyen da ke bayan fadama, ranar ce za ta ƙi.

Gargaɗi ɗaya da ya shafi rai: akwatin yana iya maƙalewa a firi, tsakanin H da L. A wannan hali inji na ƙara, giya na shiga, mota ba ta motsi, kuma P ba ya riƙe ta, domin an raba giyabos da tayoyi. A wasu Toyota fitila mai rubutun A/T P takan kama don wannan. A ja birkin hannu, a sa dutse, kafin kowa ya kwanta a ƙarƙashinta.

Karanta ƙara

Tambayar farko ita ce ƙarar tana bin gudun inji ko gudun mota. A kan hanya mara cunkoso, idan ƙarar ta sauya duk lokacin da giya ta sauya, a nemi laifin a inji ko giyabos. Idan tana ƙaruwa da gudun mota ko da wace giya ake, to tana bayan giyabos: akwati, furofela, difa ko boris ɗin taya. Na taya yakan sauya murya idan aka karkata sitiyari hagu ko dama; na akwati ba ruwansa da wannan, kuma ana jin sa ƙarƙashin kujera.

Ƙara mai kama da harbi, ɗas-ɗas, lokacin da aka taka totur da ƙarfi a 4H ko a hawan tudu, alamar sarƙa ce da ta saki tana tsallake haƙora. Ƙwal guda ɗaya idan aka sa D ko R, da karkarwar da ke zuwa a wani gudu na musamman, sun fi nuna kuros ɗin furofela ko robar da ke riƙe tsakiyarsa, kuma waɗannan ba su da tsada. Ƙas-ƙas a kwana kawai na shaf ɗin taya ne. Idan kuma ƙaramar jif na cijewa tana jan taya yayin da ake zagaye a hankali, sitiyari a murɗe har ƙarshe, kulocin tsakiya ko gwangwanin siliki ya kama. A koma ga taya da mai kafin a yanke masa hukunci.

Lokacin da laifin ya yi kama da na giyabos

Giyar atomatik ta zamani kwamfuta ke sarrafa ta, kuma kwamfuta abin da aka gaya mata kawai ta sani. Tana buƙatar gudun mota, wanda a wasu motoci sensar da ke bayan akwatin raba ƙarfi ke aunawa, a wasu kuma sensocin ABS na tayoyi. Tana kuma buƙatar sanin ko an sa 4L, domin a nan lissafin sauya giya daban ne. Idan makunnin 4L ya lalace ko wayarsa ta taɓa jikin mota, kwamfuta za ta ɗauka ana 4L alhali ana kan babban titi, sai giya ta riƙa sauyawa a lokacin da bai dace ba. Idan sensar gudu ce ta mutu, giya kan yi fizga, ko ta maƙale a mataki ɗaya, allurar gudu ta faɗi. Na'urar karanta lambobin matsala tana nuna waɗannan: P0500 na sensar gudu ne, P2771 na makunnin 4L. P0700 kuwa, wadda ake yawan nuna wa mai mota a ce giyabos ya tafi, ba ta faɗi komai ba illa cewa kwamfutar giya ta ajiye wata lamba. Sai an shiga an karanta ta.

A RAV4 da wasu Toyota, fitilun inji da VSC da 4WD sukan kama gaba ɗaya saboda matsalar inji kaɗai, ko da sensar hayaƙi ce, domin kwamfuta na kashe sauran tsarin don kariya. Fitila uku, laifi ɗaya, kuma ba a akwati yake ba.

Akwai misali da ke rubuce a tarihin kamfani. RAV4 samfurin 2001 zuwa 2003 mai atomatik ta yi suna wajen mugun fizgar giya, kuma asalin laifin a kwamfutar inji yake. Toyota a Amurka ta tsawaita garantin wannan kwamfuta da giyabos zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Garantin ya daɗe da ƙarewa, amma motocin suna nan birjik a titunanmu. Wanda ya saya wa irin wannan mota giyabos na gwanjo a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo bai gyara kwamfutar ba, sabon ma zai bi sahun tsohon.

Man giyar kansa yana cikin lissafi. Toyota tana da T-IV na tsofaffi da WS na waɗanda suka biyo baya, Honda tana da nata, giya mai bel ta Nissan kuma, wato CVT, ba ta shan man atomatik na gama-gari ko kaɗan. Kasancewar mai ja ba ya nufin iri ɗaya ne.

Cire furofela da jan mota

Wata dabara da ta yaɗu a garejinmu ita ce cire furofelan baya, ko don a kashe ƙara, ko da sunan rage shan fetur. A motar da kwamfuta ke haɗa tayoyin baya lokacin buƙata kawai, za ta yi tafiya da na gaba, sai dai ta daina zama mai jan huɗu, kuma nauyin da take ɗauke da shi bai ragu da wani abin kirki ba. A mai difa a tsakiya, ƙarfin zai gudu ta gefen da aka cire. Ko motar ta ƙi motsi sai an kulle difar, ko gwangwanin siliki ya ɗauki dukkan nauyin da ba a yi shi dominsa ba, kuma P ba abin dogaro ba ne. Mai sayen jif na hannu ya durƙusa ya leƙa: idan akwai difa a baya amma babu sandar da ta taho mata daga gaba, ya biya kuɗin abin da ba a ba shi ba.

Haka nan idan ta lalace a hanya. Ɗaga taya biyu a ja ta da biyu a ƙasa yana juya rabin tsarin yayin da rabi ke tsaye, kuma tafiya kaɗan ta isa ta ƙone kulocin tsakiya. A ɗora ta gaba ɗaya a bayan motar ɗauka.

Takardar gyara, da motar da aka ce ta mutu

Jerin binciken da ya dace ya fito daga abin da ya gabata: taya da iska, yadda direba ke amfani da maɓalli, yawan mai da launinsa a akwati da giyabos da difa, lambobin kwamfuta, fis da wayoyi da makunnai, furofela, sannan a ƙarshe a sauke akwati. Bakaniken da ya fara daga ƙarshe, ya ce a sayo giyabos bai kwance noti ɗaya ba, bai bincika komai ba tukuna, komai ƙwarewarsa. Ko an tabbatar laifin a ciki yake, sarƙa da boris da sil ana sayar da su daban, kuma akwatin gwanjo dole lambarsa ta dace da ta motar, domin samfuri ɗaya kan zo da akwati iri-iri.

Wannan jeri shi ne kuma ma'aunin takardun gyaran motocin hukuma. Motar da aka rubuta cewa ba ta gyaruwa ita ce ake yin gwanjonta da araha, a kuma sa kuɗin sabuwa a kasafi. Dokar Sayen Kayayyakin Gwamnati ta 2007 ta tanadi cewa kafin hukumar tarayya ta sayar da kadara sai ƙwararre ya yi mata ƙima a rubuce, kuma buɗaɗɗen tayi shi ne hanyar farko ta sayarwa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardu, ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta shafi jihohi.

Abin da ya kamata a nema takamaimai ne: littafin zirga-zirgar motar, da kilomitar da ta ci lokacin da aka ajiye ta, da ranakun da aka canza man akwati da na difa, da rasit ɗin taya don a ga ko huɗu aka saya tare, da rahoton injiniyan da ya yanke mata hukunci tare da lambobin da na'ura ta nuna. Idan takarda ta ce an sauya giyabos ko akwatin raba ƙarfi, akwai lambar kamfani a jikin wanda ke motar yanzu, ana iya kwatanta ta da wadda ke rasit. Tsohon da aka cire kuma ƙarfe ne mai nauyi da mutum ɗaya ke ɗagawa da ƙyar, ya kamata a same shi a sito, da sa hannun wanda ya karɓa.